Yadda Za Ku Yi wa 'Ya'yanku Maganar Jikinsu, Balaga da Yarda

A watan Nuwamban 2022, ministan ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya umurci hukumar da ke tsara manhajar karatu ta Najeriya, wato NERDC, da ta cire ilimin jima'i daga darussan makarantun matakin farko, bisa hujjar cewa wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Ko mutum ya goyi bayan wannan mataki ko bai goya ba, nauyin ya dawo cikin gida, kuma a yawancin gidajenmu ba a sauke shi. Uwa tana jiran malamar Islamiyya, malama tana ganin maganar ta uwa ce, uba kuwa bai ma sa kansa a lissafi ba, har yaro ya je ya samo bayaninsa a bakin sa'o'insa ko a cikin waya.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma ƙalilan ne ƙwarai daga cikinsu suka samu wani taimako. Galibin masu aikata wannan ɓarna ba baƙi ba ne. Mutane ne da yaron ya sani, yake gaishe su, ake ma aikensa wurinsu. Irin waɗannan mutane da shirun yaro suke dogara, shi ya sa yaron da ya san sunan gaɓoɓinsa, ya san abin da ba a yi masa, kuma ya san wanda zai faɗa wa ba tare da an doke shi ba, ya fi wuyar cuta.

Ku fara da kawar da uzurin kunya

Kunya ado ce, babu mai ja da haka, amma addinin da muke kafa hujja da shi bai taɓa sanya ta ta zama shamaki tsakanin mutum da sanin jikinsa ba. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini, kuma Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mace za ta yi wanka idan ta yi mafarki, ya kuwa ba ta amsa. Ahalarin da yaranmu ke biyawa a Islamiyya yana ɗauke da bayanin haila da janaba da jinin biƙi. Abin da ke faruwa shi ne malami ya fassara babin da sauri, ɗalibai su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, a wuce gaba, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya fahimta. Cike wannan giɓi aikin gida ne.

Akwai uwar da al'ada ta hana ta ko kiran sunan 'yar farinta, balle ta zaunar da ita ta yi mata bayanin jinin al'ada. Idan haka ne, ba sai an karya al'ada ba, sai a wakilta: goggo, ko ƙanwar uwa, ko kaka, wadda dama akwai wasa tsakaninta da jika kuma wasan kan sauƙaƙa magana mai nauyi. Ga yaro namiji, uba ne ya fi cancanta, in ya gaza sai kawu ko babban wa mai hankali. Sharaɗin kawai shi ne ku zaɓi mutumin da kanku, ku gaya masa abin da kuke so ya faɗa, sannan ku gaya wa yaron a fili: "Duk abin da kike jin nauyin faɗa mini, ki je wurin Goggo, ni na ce ki je."

Tun suna ƙanana

Kada ku ware rana guda ku ce yau za a yi "maganar", domin wannan zama yakan firgita yaro ya kuma ɗaure wa babba harshe. Ana koyar da wannan abu ne kamar yadda ake koyar da alwala, a bakin buta, kaɗan yau kaɗan gobe, ana gyarawa ana maimaitawa.

Daga shekara uku, lokacin wanka shi ne ajinku. Yayin da kike cuɗa yarinya kina cewa "kawo hannu, ɗaga ƙafa", ki ambaci gaba da ɗuwawu da ƙirji da murya iri ɗaya, ba tare da raɗa ko dariya ba. Ku tsayar da suna guda a gidan wanda kowane babba zai gane, domin yarinyar da aka koya wa kiran gabanta da wani laƙabi na wasa za ta iya kawo ƙara a fili ba a fahimce ta ba. Daga nan sai ƙa'ida, a taƙaice: duk wurin da kamfai ya rufe al'aura ne, ba mai taɓawa, ba mai kallo, ba kuma mai sa ki taɓa nasa, in ban da Umma lokacin tsarki, ko likita idan Umma ko Baba na tsaye a wurin. Ku koya wa yaro yi wa kansa tsarki da wuri, saboda hannuwan da ke kaiwa ga jikinsa su ragu.

Idan yaro ɗan shekara biyar ya ga cikin mahaifiyarsa ya tambaya ta ina jariri ke fitowa, kada a buge masa baki, kada kuma a ce masa a asibiti ake sayowa. Ya isa a ce jariri yana girma ne a wani wuri cikin cikin uwa da ake kira mahaifa, idan lokaci ya yi ungozoma ko likita su taimaka ya fito. Yawanci zai ce "to" ya koma wasansa. Ribar da kuka ci a nan ba bayanin ba ne, a'a, ya gane cewa irin wannan tambaya tana da amsa a gidanku.

Aya ta 58 a Suratun Nur ta umurci yara su nemi izini kafin shiga wurin manya a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i. Hadisi kuma ya ce a raba wa yara wurin kwanciya idan sun kai shekara goma. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, rabawar na iya zama tabarma daban da mayafi daban, maza a gefe mata a gefe. Ina ganin kuma ya dace sallamar ta zama ta ɓangare biyu, wato uba ma ya tsaya a ƙofa ya nemi izini kafin ya shiga inda 'yarsa ke sa kaya, domin a nan ne take koyon cewa jikinta yana da alfarmar da ko mahaifinta yana kiyayewa.

Wurin da ya fi wuya: ladabi da cewa a'a

Mun tarbiyyantar da yaranmu a kan kada su yi wa babba musu, su amsa kira, su karɓi aike, su durƙusa su gaida kowa. Tarbiyya ce mai kyau, amma da ita ɗin ce mugu ke shiga. Yarinyar da aka doka jiya saboda ta ƙi zuwa aiken maƙwabci, yau ba za ta iya ƙin shiga ɗakinsa ba idan ya ce ta shigo ta ɗauki kuɗin. Saboda haka dole ne ku raba mata abu biyu da bakinku: gaisuwa wajibi ce, amma zama a cinyar wani, ko runguma, ko shiga ɗaki a rufe ƙofa, ba wajibi ba ne ko wane ne ya nema, ko malami ne, ko kawu ne, ko abokin Baba ne.

Wannan darasi a gaban baƙi ake tabbatar da shi. Baƙo ya miƙa hannu ya ce, "Zo nan amaryata, zo ki zauna," yarinya ta noƙe ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Abin da aka saba shi ne uwa ta tura ta gaba tana cewa, "Ke, ba ki da kunya? Baba ne fa." Abin da ya kamata shi ne ta ce, "Gaida Baba daga nan," ta yi wa baƙon murmushi, a ci gaba da hira. Baƙon kirki ba zai ji haushi ba, yarinya kuma ta ga da idonta cewa ƙin da ta yi bai jawo mata faɗa ba.

Ku gwada da su a aikace, kamar wasa. "Idan mai shago ya ce ba shi da canji a nan, ki biyo shi ciki, me za ki ce?" "Idan wani ya ba ka naira ɗari biyu ya ce kada ka faɗa wa Umma fa?" Ku bar su su amsa, ku gyara, ku koya musu su ɗaga murya su ce "Bari!", su bar wurin, su zo su faɗa. Inda talla ta zama dole saboda halin rayuwa, a kafa mata iyaka: a tsaya a bakin ƙofa, ba a shiga kango ko gareji ko ɗakin samari, a tafi bibbiyu, a dawo kafin magariba, kuma ranar da kaya suka yi kwantai ko kuɗi suka ɓata kada a yi dukan da zai sa gobe ta yarda da duk wanda ya ce zai saye farantin gaba ɗaya. Duk wannan ya shafi yara maza daidai da mata, har da waɗanda aka kai makarantar allo wani gari, waɗanda sau da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ana iya yi wa namiji irin wannan cuta.

Batun sirri kuwa, ku sauƙaƙa shi: a gidan nan babu sirrin da ya shafi taɓa jiki, kuma duk babban da ya ce "in ka faɗa zan kashe ka" ko "ba wanda zai yarda da kai", maƙaryaci ne mai tsoron a kama shi.

Kafin balaga ta riske su

Alamun balaga sukan fara bayyana ga 'yan mata tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga maza kuma tsakanin 9 zuwa 14. Da zarar yarinya ta fara ƙirgar dangi, ku sani cewa haila na iya zuwa cikin kimanin shekara biyu, don haka bayanin ya riga jinin. A gaya mata cewa jini ne da ke fitowa daga mahaifa kusan kowane wata, yakan ɗauki kwana biyu zuwa bakwai, a shekarun farko yakan yi wasa da lokaci, kuma ba ciwo ba ne ba kuma laifi ba. A nuna mata audugar mata ko ƙunzugu a hannu, yadda ake sawa, yadda ake sauyawa bayan 'yan sa'o'i, yadda ake wanke ƙyalle a shanya shi a rana ya bushe sarai, da yadda ake wankan tsarki. Yaro kuma a gaya masa muryarsa za ta buɗe, gashi zai fito masa a hammata da mara, gabansa zai riƙa miƙewa ba da nufinsa ba, wata rana zai farka ya ga ya yi mafarki, sai ya yi wankan janaba, kuma duk namiji ya bi ta nan.

Akwai jimla guda da iyaye mata da yawa ke taƙaita komai a cikinta: "Yanzu kin girma, ko hannunki namiji ya taɓa za ki yi ciki." Ku bar ta. Yarinya za ta gano ƙarya ce cikin mako guda, daga nan kuma ta daina gaskata sauran maganarku. Gaskiyar ba ta da tsawo: ciki yana samuwa ne idan maniyyin namiji ya shiga farjin mace ya haɗu da ƙwanta, yana iya samuwa a karon farko, kuma wanka ko tsalle ko shan wani jiƙo bayan haka ba ya hana shi. Ta wannan hanyar ce kuma ake ɗaukar ƙanjamau da ciwon sanyi da wani nau'in ciwon hanta, kuma ba a gane mai ɗauke da su ta fuska ko ta tsabtar tufafi.

Ranar da kuka ba yaro waya, ku haɗa masa da gargaɗinta. Zai ci karo da hotunan batsa ko bai nema ba, sai a gaya masa cewa shiri ne na kasuwanci, ba haka mu'amalar miji da mata take ba. Hoton tsiraici kuwa idan ya fita ba ya dawowa. In har an riga an tura, wani kuma ya fara barazanar yaɗawa a WhatsApp, kada a biya shi kuɗi, kada a goge saƙonnin, a zo a faɗa.

Maganar yarda, musamman ga 'ya'ya maza

Mun fi yawan gargaɗin 'ya mace ta tsare kanta, mu bar namiji ba tare da an ce masa komai ba, alhali hannunsa ake tsoro. Ya kamata saurayi ya ji daga bakin mahaifinsa cewa kyautar da ya yi wa yarinya, ko waya ce ko kuɗin kati, ba ta sayi jikinta ba. Cewa zuwanta ɗakinsa ko irin shigar da ta yi ba izini ba ne. Cewa wadda ta yi shiru jikinta na rawa ba ta yarda ba. Cewa mai barci da wadda aka sa wa ƙwaya a lemo da mai taɓin hankali da ƙaramar yarinya ba su da yardar da za su bayar. Kuma wadda ta ce "bari" a tsakiya, an gama.

Wasu iyaye kan ce koyar da yarda tamkar buɗe ƙofar zina ne, wai ana nufin in an yarda shi ke nan. Ba haka ba ne. Sharuɗɗa ne guda biyu, kowanne da gurbinsa: yarda ba ta halatta abin da Allah ya haramta, ɗaurin aure kuma ba ya mayar da tilas ya zama kyautatawa. Hadisi ya ce ba a aurar da bazawara sai an shawarce ta, ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, kuma lokacin da mahaifin Khansa'u bint Khidam ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Gaskiya ne cewa hadisin ya ce shirun budurwa izini ne, kuma mazhabar Malikiyya ta ba uba iko a kan 'yarsa budurwa, amma shirun da ake nufi shi ne na kunyar mai so, ba na wadda ta kwana uku tana kuka ba, kuma ko a mazhabar an so uba ya shawarce ta.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta ɗauki yardar da aka samu ta hanyar ƙarfi ko barazana ko yaudara ko gusar da hankali a matsayin ba yarda ba, ta amince cewa ana yi wa namiji fyaɗe, ta kuma tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ko da yake kowace jiha da yadda ta karɓi waɗannan dokoki. A Kaduna, gyaran dokar da aka sa wa hannu a Satumban 2020 ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Idan aure ya zo, ana kwashe makonni ana yi wa amarya gyaran jiki, a rufe da nasihar "yi, na yi, bari, na bari", ango kuwa ba abin da yake ji sai zolayar abokai a daren sayen baki. Ya kamata wani dattijo ya keɓe da shi ya gaya masa cewa gaggawa a daren farko kan jawo rauni da tsoron da zai daɗe a cikin auren, cewa ya yi mata magana, ya tambaye ta, ya jira idan tana jin tsoro ko zafi. Ita ma a gaya mata tana da bakin cewa "yau ba ni da lafiya" ko "wannan yana yi mini ciwo".

Idan yaro ya zo ya faɗa

Duk abin da kuka gina zai tsaya ko ya rushe ne a cikin minti ɗayan farko. Kada ku yi salati da kururuwa, kada ku ce "me ya kai ki?", kada ku ɗaga hannu. Ku zauna daidai tsayinsa ku ce, "Na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa mini." Ku bar shi ya faɗa da kalmominsa, kada ku sa masa magana a baki, kada kuma ku sa shi ya maimaita wa duk wanda ya shigo gidan. Wani yaron ba zai faɗa da baki ba, sai dai ku ga ya koma fitsarin kwance, ko ya tsani zuwa wani gida, ko tafiyarsa ta sauya, ko ya san abin da ya fi ƙarfin shekarunsa. A nan sai a tambaye shi a keɓe, cikin taushin murya.

Asibiti ne matakin farko, kuma da gaggawa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin sa'o'i 72, ana kuma shan sa kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki ne cikin kwana biyar, kuma gwargwadon saurin shansa gwargwadon amfaninsa. In da hali kada a yi wa yaron wanka, kada a gasa shi da ruwan zafi kamar yadda aka saba, kada a wanke tufafin da ke jikinsa, a naɗe su a takarda a tafi da su, domin shaida ce. Ko an riga an yi wankan, ko kwanakin sun wuce, a je duk da haka. Akwai cibiyoyin da aka keɓe domin wannan aiki, kamar Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da Cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba lafiya, a ba da shawara, a kuma rubuta rahoton likita da 'yan sanda da kotu za su nema.

Daga nan ne matsin lamba zai taso, daga dangi da maƙwabta da masu cewa a rufa asiri, a sasanta a zauren mai unguwa, a karɓi kuɗin magani a bar wa Allah. Asirin yaron ya cancanci rufi, shi ya sa ba a yaɗa sunansa ko hotonsa, amma wanda ya aikata, idan aka sallame shi da ban haƙuri, unguwar zai koma, inda sauran yara suke. A kai rahoto ga 'yan sanda, ko hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha, a riƙe kwafin takardun asibiti a gida, a koma a sake gwajin jini a ranakun da likita ya sa, sannan a mayar da yaron makaranta da zarar ya samu ƙarfin komawa.